Inda Mura Take Cinye Gari

A zangon da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu ƙauyuka domin gwajin koyarwa, ƙyanda ta shiga garin da aka kai ni. Ran Litinin na kira suna, yara biyu ba su amsa ba. Kafin mako ya kewayo sun zama shida. Hankalina ya tashi ƙwarai, amma hedimasta ya ce in kwantar da shi, gama yawancin yaran an yi musu allura, manyan gari kuwa sun yi tasu ƙyandar tun suna ƙanana. Haka kuwa aka yi. Mata suka yi jinya, maza suka ci gaba da zuwa gona, malamin asibiti ya zo da magani, bayan 'yan makonni benci ya sake cika.

Da na komo kwaleji na ba malaminmu na Kiwon Lafiya wannan labari, sai ya yi mini tambaya guda. Ya ce, "To, da a ce a garin nan babu ko mutum ɗaya, yaro ko tsoho, wanda ya taɓa yin ƙyanda ko aka yi masa allura, wa zai ɗebo ruwa?" Na yi shiru. Neman amsar tambayar nan shi ya kai ni ɗakin karatu, abin da na samo kuwa shi ne na ga ya kamata in rubuta domin 'yan'uwana ɗalibai, tun ba waɗanda za su koyar da Labarin Ƙasa da Kiwon Lafiya ba. Ashe akwai garuruwa irin wanda malam ya kwatanta, har yau ɗin nan.

Su wane ne mutanen?

In ka buɗe taswirar Amurka ta Kudu za ka ga Kogin Amazon, da ƙurmin da ya rufe arewacin ƙasar Burazil har ya tsallaka cikin Peru da Kolombiya da maƙwabtansu. A can cikin ƙurmin nan akwai ƙananan al'ummu na 'yan asalin ƙasar waɗanda ba su cuɗanya da kowa. Ba su zuwa kasuwa, ba su da makaranta ko asibiti irin namu. Suna farauta da baka da kibiya, suna kama kifi, waɗansu suna noman rogo da ayaba da masara. Hukumar da ke lura da al'amuran 'yan asalin ƙasa a Burazil, wadda ake kira FUNAI, tana da rahoton ƙungiyoyi fiye da 100 irin waɗannan, an kuwa tabbatar da kusan 30 daga cikinsu. Inda suka fi yawa shi ne Kwarin Javari, kusa da iyakar Peru, ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 85,000, watau ta fi Jihar Neja girma.

Kada mai karatu ya zaci ba su san da duniya ba. Suna ganin jirgin sama, suna jin ƙarar injin yankan itace. Da yawa cikinsu jikokin mutanen da suka gudu ne a zamanin cinikin roba, daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, lokacin da 'yan kasuwa suka riƙa kama su suna bautar da su, cuta kuma tana bin sawun 'yan kasuwan. Waɗanda suka tsira suka nausa can saman rafuffuka inda jirgin ruwa ba ya kaiwa, suka gargaɗi 'ya'yansu. Saboda haka zaman keɓewar nan tasu shawara ce da suka yanke, suna kuwa da dalili.

Me ya sa ƙaramar cuta take kashe su?

Mun koya a aji cewa in ƙwayar cuta ta shiga jiki, jiki yakan yi yaƙi da ita, in ya ci nasara kuma yakan riƙe kamanninta, har in ta komo ya gane ta tun daga bakin ƙofa. Wannan shi ake kira garkuwar jiki. Allurar rigakafi dabara ce ta koya wa jiki kamannin abokin gaba ba tare da an yi ciwon ba.

Misalin da ya fi bayyana wannan ya faru ne nesa da Amazon, a tsibiran Faro da ke cikin teku arewa da Ingila. A 1846 wani kafinta ya komo daga babban birnin Danmak da ƙyanda a jikinsa. Rabon tsibiran da ƙyanda tun 1781, shekara 65 ke nan. Cikin mutum 7,782 da ke wurin, wajen 6,000 suka kamu, yara da manya. Gwamnati ta aiko wani saurayin likita mai suna Peter Panum, ya bi gari gari yana bincike. Ya sami tsofaffi 98 waɗanda suka yi ƙyanda a 1781, ko ɗaya cikinsu bai sake yi ba. Ya kuma lura cewa waɗanda suka rufe ƙauyukansu, suka hana shiga da fita, cutar ba ta same su ba. Darasi biyu ke nan tun kafin a san ƙwayoyin cuta sosai: wanda ya taɓa yi ya tsira, wanda ya nisanta kuma ya tsira.

A garuruwanmu cututtuka irin su ƙyanda da mura da tarin shiƙa kullum suna kewayawa, saboda haka ko annoba ta zo, akwai masu garkuwa da za su tsaya da ƙafafunsu. Amma a ƙauyen mutum 60 cikin ƙurmi, wanda bai taɓa gamuwa da waɗannan cututtuka ba, kowa da kowa yakan kwanta kusan lokaci guda. Ga amsar tambayar malaminmu: ba mai ɗebo ruwa. Ba mai hura wuta, ba mai zuwa farauta, ba mai tonon rogo. Uwa tana fama da zazzaɓi nononta ya ƙafe, jariri ya mutu ko da cutar ba ta tsananta masa ba. Murar da hutu da ruwan sha da abinci za su warkar sai ta gangara ƙirji ta zama ciwon huhu. Masu sauran ƙarfi su tsorata su gudu wani ƙauye wurin dangi, su kai musu abin da suka gudo wa.

An ga shaidar wannan a 1954, sa'ad da ƙyanda ta faɗa wa ƙabilun saman Kogin Shingu a Burazil. Cikin waɗanda aka samu aka yi musu jinya, kusan 1 cikin 10 ne ya mutu. Cikin waɗanda taimako bai kai gare su ba, fiye da 1 cikin 4. A lokacin babu allurar ƙyanda tukuna, sai a 1963 aka fara ta. Bambancin nan duka na jinya ne da abinci. Watau mutanen nan ba ragwayen jiki ne da su ba. Rashin mai jinya yana kisa kamar yadda cutar kanta take yi.

Labarin Panara

Bari in ba da labarin ƙabila guda, domin lissafi kaɗai ba ya shiga zuciya. Mutanen Panara suna zaune ne a bakin Kogin Peixoto de Azevedo, a arewacin jihar Mato Grosso. Masana sun ƙiyasta yawansu tsakanin 350 da 600 kafin a same su. A farkon shekarun 1970 gwamnatin soja ta Burazil ta ƙudura yin hanyar mota daga Kuyaba zuwa Santarem, hanyar kuwa ta ratsa tsakiyar ƙasarsu.

A zamanin nan al'adar hukuma ita ce a jawo mutanen daji da kyauta. Akan rataye adduna da gatura da tukwane a kan hanyarsu, a koma gefe a jira, wata da watanni, har su saba su fito. Waɗanda aka ba aikin jawo Panara su ne 'yan'uwan nan biyu, Orlando da Claudio Villas Boas, mutanen da suka ba da ransu ga kare 'yan asalin ƙasa, ba wanda ke shakkar kyakkyawar niyyarsu. A watan Fabrairu 1973 suka sadu da Panara ido da ido, jaridu suka buga hotuna, aka yi murna.

Daga nan sai mura da gudawa suka shiga. Hanya ta buɗe, motoci suka fara wucewa, Panara suka riƙa fitowa bakin titi suna roƙon abinci wurin direbobi, gama gonakinsu sun mutu. Ɗaya daga cikin shugabanninsu da ya tsira ya ba da labari daga baya cewa mutane sun raunana har ba su iya binne matattunsu, gawa tana kwance a ƙasa ungulu na ci. A watan Janairu 1975 aka kwashe waɗanda suka rage a jirgin sama aka kai su gandun Shingu. Mutum 79 ne. Shekara biyu kacal.

Labarin bai ƙare da baƙin ciki ɗungum ba. Panara sun yi shekara 20 a ƙasar da ba tasu ba, suna ƙaura daga wuri zuwa wuri, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1990 suka koma wani yanki na ƙasar kakanninsu a bakin Kogin Iriri, wanda masu haƙar zinariya da masu kiwon shanu ba su lalata ba tukuna. A shekara ta 2000 kotu ta hukunta gwamnati ta biya su diyya. Yanzu sun haura 500. Amma tsofaffin da suka tafi da waƙoƙi da sanin magunguna a cikin kansu, ba kotun da za ta komo da su.

Abin da ya sami Panara ba a kansu kaɗai ya faru ba. A Peru, bayan masu yankan katako sun gamu da mutanen Nahua a 1984, kusan rabinsu suka mutu cikin 'yan shekaru, yawanci da ciwon ƙirji.

Yadda aka sake shawara

Ma'aikatan da suka yi wannan aiki na jawo mutane su suka fara gajiya da haƙa kaburbura. A 1987 suka taru a Brasilia, babban birnin ƙasar, bisa jagorancin wani daga cikinsu mai suna Sydney Possuelo, wanda ya ga yadda mura ta yi wa mutanen Arara bayan shi da kansa ya jawo su. Suka ce garin neman gira ana rasa ido. Daga shekarar nan FUNAI ta juya manufarta: ba za a ƙara neman saduwa da su ba. Aikin hukuma shi ne ta gano inda suke daga nesa, ta shata ƙasar, ta tsare ta. Tsarin mulkin 1988 kuma ya amince da haƙƙin 'yan asalin ƙasa a kan ƙasashen kakanninsu. Peru ta yi tata dokar ta kare su a 2006.

A nan akwai maganar da ta yi mini nauyi, ni da na yi karatu a makarantar mishan, na kuma san alherin da na samu a can. A shekarar 1987 ɗin nan wata ƙungiyar mishan ta sadu da mutanen Zo'e a jihar Para, ta tara su kusa da tasharta. Mura da zazzaɓin cizon sauro suka kashe da yawa cikinsu, har a 1991 hukuma ta fitar da mishan ɗin daga wurin. Ban ce sun tafi da mugun nufi ba. Amma ƙwayar cuta ba ta tambayar abin da ke zuciyar wanda ya ɗauko ta. A numfashin ɓarawon katako take tafiya, a numfashin mai wa'azi da likita da ɗan jarida ma haka, tana iya maƙalewa har a rigar da aka bayar kyauta. An koya mana mu ƙaunaci maƙwabci. Mukan ce zumunta a ƙafa take, amma ga wurin da zumunta take a tsai da ƙafa.

Shinge uku

In mun tattara abin da ake yi yanzu domin kare mutanen nan, za mu iya kwatanta shi da shinge uku, wani cikin wani.

Na fari shi ne tsaron ƙasa. A ƙurmi kogi shi ne hanya, saboda haka akan kafa sansanin ma'aikata a mahaɗar koguna, a hana masu katako da masu zinariya da masu satar kifi wucewa. Ana lura da mutanen ta jirgin sama da hotunan tauraron ɗan adam, ana ƙidaya rufin bukkoki da gonaki, ba a sauka. Muddin ƙurmi yana da nama da kifi, ba abin da zai tilasta musu fitowa. Aikin nan yana da haɗari. A watan Yuni 2022 aka kashe Bruno Pereira, wanda ya taɓa shugabantar sashen FUNAI mai lura da keɓaɓɓun ƙabilu, tare da ɗan jaridar Ingila Dom Phillips, a kan kogi kusa da Kwarin Javari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a ƙasar Yanomami, inda dubban masu haƙar zinariya suka kutsa, zazzaɓi da yunwa sun yi ɓarna har gwamnati ta yi shelar dokar gaggawa ta lafiya a watan Janairu 2023.

Na biyu shi ne lafiyar maƙwabta. Kewaye da keɓaɓɓun mutanen nan akwai waɗansu ƙabilu da suka daɗe da cuɗanya da gari, su ne kuwa za a fara gamuwa da su a gona ko a bakin rafi. In an yi wa maƙwabtan nan allura, ana warkar da zazzaɓinsu da tarinsu da wuri, sun zama katanga. Ma'aikacin da zai shiga yankin kuma tilas a duba lafiyarsa, a cika masa allurai, a keɓe shi kwanaki kafin ya tashi. Da annobar korona ta zo a 2020, ƙungiyar 'yan asalin ƙasa ta Burazil, APIB, ta kai ƙara Kotun Ƙoli, a watan Yuli alƙali Luis Roberto Barroso ya umurci gwamnati ta kafa shingayen lafiya a hanyoyin shiga ƙasashen nan. Mutanen Zo'e kuwa, da suka ji labarin cutar, suka rarrabu gida gida cikin daji, kowa ya kauce wa hanyar ɗan'uwansa. Sun tuna da abin da ya sami iyayensu.

Na uku shi ne shiri. Wata rana su da kansu sukan fito, ran nan kuwa ba a neman jinkiri. A watan Yuni 2014 waɗansu samari suka fito daga daji a ƙauyen Simpatia na ƙabilar Ashaninka, a bakin Kogin Envira cikin jihar Acre. Aka samo tafintoci masu jin harshe makusancin nasu, suka ce waɗansu baƙi masu bindiga sun kai musu hari sun ƙone gidajensu. Ba a daɗe ba bakwai cikinsu suka kamu da mura. Abin tsoro shi ne su koma da ita wurin sauran. Likita Douglas Rodrigues da abokan aikinsa suka lallashe su suka zauna har suka warke, aka yi musu allurar mura, sa'an nan suka koma. Da a 1973 ne, da wani labari muke bayarwa. A 2018 Ma'aikatar Lafiya da FUNAI suka fitar da ƙa'ida a rubuce kan yadda za a shirya wa irin wannan rana.

Tambaya mai wuya

Na san wani zai ce, "Ashe daidai ne mu bar mutane ba makaranta, ba asibiti, mace tana mutuwa wurin haihuwa, mu kuwa muna da magani?" Tambaya ce ta gaskiya. Akwai ma masana, irin su Robert Walker da Kim Hill, da suka rubuta a 2015 cewa tun da tsaron ƙurmi yana kasawa, gara a shirya saduwa da su da likitoci a hannu, da a bari 'yan katako su riga kowa. Ƙungiyoyin 'yan asalin ƙasa da ma'aikatan FUNAI suka ƙi wannan magana ƙwarai.

Ni dai ga inda na tsaya. Makaranta ta mai rai ce. Ba a kuwa rufe musu ƙofa ba, sun san inda maƙwabtansu suke, ran da suka so za su zo kamar yadda samarin Envira suka zo. Wanda ya dasa kibiyoyi a gicciye a kan hanya, kamar yadda waɗansunsu suke yi, ya riga ya faɗi ra'ayinsa ko da ba mu jin harshensa. Abin da ya wajaba a kan hukuma shi ne ta hana a tilasta musu, ta kuma kasance a shirye.

Abin da malami zai ɗauka

Yawancinmu ba za mu taɓa ganin Amazon ba, amma kowannenmu zai tsaya gaban aji. In ka zo koyar da allurar rigakafi, ba yara labarin tsofaffin nan 98 na Faro. In yaro ya zo makaranta da zazzaɓi da ƙuraje, mai da shi gida, ka bayyana wa sauran cewa keɓe marar lafiya ba ƙiyayya ba ce. In kuma an zo darasin mutanen ƙurmi a Labarin Ƙasa, kada ka bari yara su yi musu dariya su kira su mutanen daji marasa wayo. Gaya musu abin da ya sa suka ɓuya.

Ga tambayoyi domin masu son gwada darasin a aji biyar ko shida:

1. Me ya sa tsofaffin tsibiran Faro ba su kamu da ƙyanda a 1846 ba?
2. Faɗi abubuwa uku da ke tsayawa a gari in kowa ya kwanta ciwo lokaci guda.
3. Mutum nawa ne suka rage cikin Panara a 1975, me kuma ya jawo haka?
4. Yaya yi wa maƙwabci allura yake kare wanda ba a yi wa ba?
5. Wane ne a garinku ba za a iya yi masa allura ba tukuna, wa ke kare shi?